Farfaɗo da tsohuwar wagon mai bodin katako: tambayoyi da amsoshi

A wajen masu tara tsofaffin motoci, wagon mai bodin katako, wadda Amurkawa ke kira woodie, tana cikin waɗanda suka fi wuyar gyara. Aikinta ba na bakanike kaɗai ba ne. Rabin motar aikin kafinta ne, kuma wannan rabin shi ke cinye kuɗi da lokaci. Amsoshin nan sun fi karkata ga motoci biyu da aka fi samu a hannun masu gyara: wagon ɗin Ford ta Amurka, da Morris Minor Traveller ta Ingila.

Wace irin mota ce, kuma me ya kawo katako jikinta?

Asalinta motar tashar jirgin ƙasa ce. A farkon ƙarni na 20, otal-otal da manyan gidajen masu hali a Amurka suna buƙatar motar da za ta ɗauko baƙi da akwatunansu daga tasha. Sai a sayi casis da inji daga kamfani, a kai wa masu ƙera keken doki su ɗora bodin katako mai kujeru da yawa. Katako ya fi araha a lokacin, domin injin da ke matse ƙarfe ya fitar da bangon mota yana da tsada ƙwarai, ba ya mayar da kuɗinsa sai an buga motoci da yawan gaske, ita kuwa wagon masu sayenta kaɗan ne.

Motar Star ta kamfanin Durant, ta 1923, ita ake lissafawa a matsayin wagon ta farko da kamfanin mota ya sayar da sunansa. Ford ya shigo a 1929 da Model A, kuma shi ya mamaye kasuwar. Henry Ford ya riga ya sayi daji mai faɗin eka sama da 300,000 a arewacin jihar Mishigan, ya kafa masana'antar katako a Iron Mountain. Da farko a can ake yanka katakon a aika wa kamfanoni irin su Murray su harhaɗa, daga baya, wajen 1940, aka koma gina bodin gaba ɗaya a Iron Mountain. Ford mutum ne da ba ya son asara, don haka ragowar guntayen itacen ma gawayi aka riƙa yi da su, kuma daga nan gawayin Kingsford da Amurkawa ke gasa nama da shi har yau ya samo asali.

A Ingila kuwa, ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ƙananan masu ƙera bodi suka yi ta amfani da katako. Morris Minor, wadda Alec Issigonis ya zana, ta fito a 1948, sannan aka fitar da Traveller a 1953.

Yaushe aka daina yin su?

Ƙarfe ne ya kore su. Willys ya fitar da wagon ta ƙarfe zalla a 1946, Plymouth ya biyo da Suburban a 1949, masu saye suka ga motar da ba ta ƙara a hanya, ba ta yoyo, ba ta kuma neman banish duk shekara. Ford ya rufe masana'antar Iron Mountain a 1951. Buick ta 1953 ita ce wagon ta ƙarshe a Amurka mai katako na gaske a tsarin bodinta. Abin da aka riƙa gani bayan haka a gefen motoci irin su Country Squire ta Ford leda ce mai zanen katako. Traveller ce ta yi tsawon rai, ta kai 1971.

Katakon ado ne kawai, ko yana ɗauke da nauyi?

Wannan ce tambayar da ya kamata mutum ya fara yi kafin ya taɓa aljihunsa, domin amsar ta bambanta daga mota zuwa mota.

A Ford ta 1948 da waɗanda suka gabace ta, daga gilashin gaba zuwa baya katako ne bodin. Ginshiƙai, ƙofofi, ƙofar baya, ƙashin rufi, duk itace ne, guntaye sama da ɗari da aka haɗa da juna. Ka cire katakon, abin da zai rage maka shi ne casis, da kwanon ƙasa, da gaban motar. Daga 1949 zuwa 1951 tsarin ya canza: bodin ƙarfe ne mai ƙofa biyu, aka ɗaure katako a jikinsa. Wannan ya fi sauƙi ta fuskar ƙarfi, amma yana da nasa ciwon kai, domin guntayen masu lanƙwasa an yi su ne da siraran yanka da aka manne a cikin injin matsewa, kuma sake yin irinsu da hannu ba wasa ba ne. Ga kuma tsatsar da ke ɓoye a bayan katakon.

A Traveller, daga bayan ƙofofin gaba zuwa ƙarshe firam ne na itacen ash da aka ɗaure a kan kwanon ƙasa na ƙarfe. Shi ke riƙe da rufin baya da bangon gefe, waɗanda na alminiyam ne, shi ke riƙe da ƙofofin baya biyu. In ya ruɓe, bayan motar ya tashi daga aiki, ko da injin na kaɗawa lafiya. Ƙanwarta Mini Traveller kuwa katakonta kwalliya ce aka manna a kan ƙarfe.

Zan je duba wadda aka sa a kasuwa. Me zan fara dubawa?

Kada ka fara da inji. Inji ana samun kayansa, ana samun mai gyaransa. Ka tafi da tocila, da ƙaramin sukuddireba mai tsini, ka nemi izinin mai motar, ka durƙusa.

Ruɓa daga ƙasa take farawa, kuma daga mahaɗa. Itace yana shan ruwa ta bakin da aka yanke shi fiye da ta gefensa, kuma duk mahaɗar katako biyu akwai irin wannan bakin a ɓoye. Saboda haka ka duba gindin kowane ginshiƙi, inda ya zauna a kan ƙarfe. Ka duba ƙasan ƙofofi, da kusurwoyin baya na sama inda ruwan rufi ke gangarowa, da katakon da ya zagaye mazaunin tayar baya, wanda taya ke watsa wa laka. Ka danna tsinin a hankali. Lafiyayyen katako zai ƙi, ka ji tsinin ya tsaya cak. Ruɓaɓɓe zai karɓe shi ba gardama, wani lokaci har banish ɗin da ke sama ya fashe kamar ɓawon ƙwai, ka tarar da gari mai ruwan ƙasa a ƙarƙashi. Ƙwanƙwasawa ma tana faɗar gaskiya: mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kauri, wanda cikinsa ya mutu kuwa sai ka ji shi fayau.

A Traveller akwai wuri guda da ba a tsallakewa, wato dogon katakon da ke ƙarƙashin tagogin gefe masu zamewa. Gilasan suna gudu ne a cikin wata kwata, kwatar kuma tana da ƙananan ramuka da ruwa ke fita. Ramukan nan sukan toshe da ƙura da ganye, ruwa ya kwanta, har gansakuka ta tsiro a wurin. In ka ga kore a kwatar nan, ka ɗauka katakon da ke ƙarƙashi ya daɗe yana jiƙe.

Sannan ka buɗe kowace ƙofa ka ɗan ɗaga ta daga ƙarshenta. In ta yi wasa, ko dai hinjin ya ci, ko kuma sukurorin ba su da abin kamawa a cikin ginshiƙin, wanda shi ne mafi muni. Ka ja da baya ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi: in sama ta matse ƙasa ta buɗe, bodin ya zauna. Ƙananan ramuka kamar na allura da gari na zuba daga ciki alamar ƙwaro ne mai cin itace.

Abin da ya fi kamata ka ji tsoro shi ne motar da aka yi wa sabon banish mai duhu gab da sayarwa. Duhun launi yana ɓoye foti da tabo. Mai sayarwa na gaskiya yana da hotunan katakon tun yana tsirara.

Akwai baƙin tabo a kewayen sukurori da mahaɗai. Ruɓa ce?

Ba lallai ba ne. Sau da yawa ruwa ne ya shiga ta inda banish ya tsage, ya haɗu da ƙarfen sukuru, ya rina itacen. In tsini bai shiga ba, katakon na nan da ransa. Ana kankare banish ɗin, a jiƙa garin sinadarin oxalic a ruwan ɗumi, a shafa, a bar shi ya bushe, a maimaita har baƙin ya dushe, sannan a wanke sosai da ruwa mai ɗan garin soda na girki (baking soda) don a kashe kaifinsa. Guba ne, don haka a sa safar hannu, a kuma rufe hanci lokacin goge wurin da sanfefa. A shafe katakon gaba ɗaya, ba wurin tabon kaɗai ba, in ba haka ba sai a samu farin tabo a madadin baƙi.

Amma tabon gargaɗi ne. Inda ruwa ya shiga ya rina, nan zai ci gaba da shiga har ya ruɓar.

A ceci tsohon katakon, ko a sake sabo gaba ɗaya?

A nan masu sana'ar suke rabuwa biyu. A ganina, duk katakon da zai iya ci gaba da aikinsa a bar shi. Motar da ke ɗauke da katakonta na asali daga Iron Mountain ta fi daraja a idon masana fiye da wadda aka yi wa sabo fil, kuma tsohon itacen yana da wani launi na zuma da shekaru suka ba shi, wanda ba a saye a gwangwani. In ƙarshen ginshiƙi ne kawai ya lalace, ana yanke wurin har a kai ga lafiyayyen itace, a yi doguwar yanka a karkace, a manna sabon guntu mai irin zaren tsohon. Gwanin kafinta zai yi wannan ɗori har sai an nuna maka kafin ka gani.

Iyakar wannan ra'ayi ita ce lafiyar mutanen da za su shiga motar. Ginshiƙin da ke riƙe da hinjin ƙofa ko makullinta, in ruɓa ta kai tsakiyarsa, a canza shi. Akwai ruwan epoxy mai tsinkewa da ake ɗura wa itacen da ya yi laushi ya taurare, kuma yana da amfani a wurin da ba ya ɗaukar nauyi. Amma taurin da yake bayarwa ba ƙarfi ba ne. Zaren itacen da ya mutu ba ya dawowa, kuma ƙofar da ta buɗe a kwana ba ta tambayar nawa aka kashe a kan epoxy.

Ko ka yanke shawarar canza komai, kada ka jefar da guntu ko ɗaya, kada ka bari yara su kai murhu. Ruɓaɓɓen katakon nan shi ne ma'auninka. A jikinsa za ka ga inda kowane rami yake, da kaurin kowace mahaɗa, da yadda lanƙwasa ta tafi. Ka rubuta wa kowanne lamba da gefen da ya fito tun kafin ka kwance shi, ka ɗauki hoto ta kowace fuska.

Mai Traveller ya fi kowa sa'a, domin akwai kamfanoni a Ingila da ke yin cikakken firam na ash, gefe guda ko duka biyu. Duk da haka ba a ɗauko shi daga kwali a ɗaura kawai. Sai an yi ta gwadawa ana ragewa, domin babu motoci biyu da shekaru suka lanƙwasa iri ɗaya.

Wane irin itace ake amfani da shi? Namu na gida zai yi?

Ford ya fi amfani da maple a firam, da falankin birch ko mahogani a tsakiya, da basswood mara nauyi a siraran sandunan rufi. Chrysler Town and Country, wadda ta fito a 1941, farin ash ne da mahogani. Traveller ash ce. An zaɓi ash da maple ne saboda ƙarfi da jure girgiza, ba don jure ruwa ba. Dukansu biyu suna saurin ruɓewa in suka jiƙe, shi ya sa rayuwar motar ta rataya a kan banish.

In ana son motar ta koma yadda ta fito daga kamfani, to sai irin itacenta. In kuwa motar hawa ce kawai, ana iya duba wasu. Maɗaci dangin mahogani ne na gaske, kuma zai yi kyau a falankin tsakiya. Iroko yana jure ruwa da ƙwaro fiye da ash nesa ba kusa ba, sai dai launinsa ya yi duhu, yana da maiƙo da ke hana gam kamawa sai an goge shi da tina, kuma duk wanda ya san motar zai gane an canza. Kowanne aka zaɓa, sharaɗin shi ne ya bushe sosai, danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100, kuma zarensa ya tafi a miƙe. Ɗanyen katako daga kasuwa zai yi kyau wata biyu, sannan ya murɗe ya tafi da ƙofar.

Daga ina ake fara aikin?

Daga ƙarfe. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada a sana'ar: mutum ya ƙagu ya ga katako na sheƙi, ya gina sabon bodi a kan ƙasan da ya karkace, daga baya mai walda ya zo ya miƙe ƙasan, ƙofofi su ƙi rufuwa. Balle ma walda kusa da sabon katako mai banish neman gobara ne.

Kafin a cire komai, a auna faɗin kowace ƙofa da tsayinta da kusurwa zuwa kusurwa, a ɗaure bodin daga ciki da sandunan ƙarfe don kada ya baje. Sai a duba casis a tabbatar a miƙe yake, a gyara kwanon ƙasa da duk inda tsatsa ta ci. A Traveller wuraren da aka sani su ne dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da mariƙan sifirin na baya, da ƙasan but, da ƙarfen da ya gitta tsakiyar motar ta ƙasa. Motar ta zauna a kan tayoyinta, ko a tallafe ta daidai inda nauyinta ke sauka, kafin a fara gwada katako.

Daga nan sai gwajin busasshe, wato a harhaɗa katakon duka ba gam ba banish, a rataya ƙofofi, a sa makullai da gilasai, a buɗe a rufe har komai ya zauna. A bar 'yar tazara fiye da yadda ido ke so, domin banish yana da kauri, itace kuma yana kumbura da damina. Sai an gamsu sannan a sake kwancewa, a yi wa ƙarfe fenti, a shafe kowane katako ta kowace fuska har da wadda ba za a ƙara gani ba, a mayar. Mafi yawan lokacin aikin a wannan ɗaurawa da kwancewa yake tafiya, kuma babu hanyar yanke.

Wane gam da waɗanne sukurori?

Gam mai jure ruwa, irin na masu ƙera kwalekwale, wato epoxy ko resorcinol. Farin gam na kujerun ɗaki ba shi da wuri a nan. Amma ba kowace mahaɗa ake mannewa ba. Inda kamfani ya ɗaure da noti da ƙarfen kusurwa, an yi haka ne don bodin ya ɗan motsa tare da casis a hanya mara kyau, kuma in ka ƙafe wurin da gam, itacen zai tsage a gefensa. Sukurori su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na tagulla, a huda musu rami tukuna, a ɗiga banish a ramin kafin a ɗaura. Tsakanin katako da ƙarfe ko alminiyam a sa abin toshewa mai laushi wanda ba ya bushewa ya ƙage.

Wane banish ya fi, kuma shafi nawa?

Wanda aka saba da shi shi ne banish na jiragen ruwa, mai yawan mai, mai kariya daga hasken rana. Amfaninsa shi ne yana miƙewa yana komawa tare da itacen. Shafin farko ana tsinka shi da tina sosai, kusan rabi da rabi, don ya nutse, a kuma shayar da bakunan yanka har su ƙoshi. Daga nan ana rage tinar, ana barin kowane shafi ya bushe, a goge da sanfefa mai laushi, lamba 220 zuwa 320, a share ƙura, a sake. Masu gyara da yawa suna kai wa shafi 8 zuwa 12. A wurin da ba ƙura ake yi, ba a cikin rana ba, kuma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido: shafin da aka ɗora a kan wanda bai bushe ba yanƙwanewa yake yi.

Wasu suna fesa ruwan sheƙi na fentin mota mai haɗi biyu. Yana da kyau a ranar farko, yana kuma da sauri. Matsalarsa tauri. Itace na motsi, shi ba ya motsi, sai ya tsage daidai kan mahaɗa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, kuma ba a yi masa faci sai an kankare duka. Ban ga hikimar sa wa abin da ke numfashi sulke ba.

Masu Traveller a Ingila da yawa sun bar banish mai sheƙi sun koma ga mai da ke nutsewa cikin itace, irin su Osmo ko man Danish, bayan sun shayar da katakon maganin ruɓa. Ba ya ƙyalli sosai, kuma yana son a riƙa sabuntawa, amma ba ya ɓarewa, sabuntawar kuma aikin yamma ɗaya ne da tsumma. Ga motar da ke kwana a waje a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, wannan dabara ce mai ma'ana.

Rufin fa?

A Ford ta kafin 1949 rufin ba ƙarfe ba ne. Siraran sanduna ne a jere, aka shimfiɗa auduga a kai, aka ja wani yadi mai kama da fata aka buga da ƙananan ƙusoshi, aka rufe bakin da kwatar ruwa. Daga ciki ana ganin sandunan suna sheƙi, kuma shi ne wurin da ya fi kyau a motar. A gama banish ɗin sandunan kafin a ja yadin, a ja shi a rana mai zafi don ya miƙe, a toshe kowane ramin ƙusa. Yoyon rufi shi ke kashe ginshiƙan baya daga sama.

Inji da birki da wuta?

Wannan ɓangaren bai bambanta da na kowace tsohuwar mota ba. Injin V8 na Ford mai shafaffen kai, wanda aka yi daga 1932 zuwa 1953, an san shi da zafi, don haka a wanke hanyoyin ruwansa da lagireto, a duba ko bulok ya tsage kusa da mazaunin bawul. Ford bai sa birkin mai ba sai 1939, waɗanda suka gabata na sanda ne ko na waya. Wutarsa bolt 6 ce, kuma ƙafar fositif ce ke haɗe da bodi, abin da ke rikita mai gyaran wutar da ya saba da motocin yau. Injin Traveller ƙarami ne, 803cc da farko, 948cc daga 1956, 1098cc daga 1962, kuma kayansa na nan birjik.

Abu biyu ne suka shafi katako kai tsaye. Wutar lantarki ba ta bi ta cikin itace, saboda haka duk fitilar da aka ɗaura a kansa tana buƙatar wayar at tata ta daban, wato wayar da ke mayar da wuta zuwa ƙarfen motar. Sannan tsofaffin wayoyi masu rigar zare a canza su duka, a sa fis, a sa makunnin yanke batir. Tartsatsi a cikin bodin busasshen itace mai shafi goma na banish ba ya ba da lokaci. A kuma yi hattara da ƙurar tsohon birki da ta tsohon fenti, domin ta farko tana iya ƙunsar asbestos, ta biyu dalma.

Nawa zai ci, kuma wata nawa?

A lissafa da shekaru, ba watanni ba, in mutum shi kaɗai ne yake yi a lokacin hutunsa. Wagon ɗin Ford da Mercury da aka gyara da kyau sun sha haura dala 100,000 a gwanjo a Amurka, amma gyaran da aka ba ƙwararru daga farko zuwa ƙarshe yakan ci fiye da abin da motar za ta kawo. Abin dariya, a shekarun 1960 motocin nan ba su da daraja, matasa masu wasan hawa igiyar ruwa a Kalifoniya ne ke sayensu da arha saboda suna ɗaukar allunansu. Traveller ta fi sauƙi nesa, ita ce ta dace da mai farawa. A kowane hali, motar da katakonta ke da lafiya injinta ya mutu ta fi wadda injinta ke kaɗawa katakonta ya mutu, ko da kuɗinta ya ninka.

Kafintan da ke yi mini kujeru zai iya?

In yana da haƙuri da ido, zai iya koya, amma aikin ya bambanta da nasa. A kujera da kabad kusan komai a miƙe yake. A bodin mota da wuya ka samu layi madaidaici, katako ɗaya yana lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, kuma kuskuren milimita biyu ya isa ya hana ƙofa rufuwa. Masu ƙera kwalekwale na katako sun fi kowa kusa da wannan aiki. Kafintocin da suka gina bodin katako a kan manyan motocin Bedford da Marsandi 911 a ƙasashenmu su ma sun san abu mai muhimmanci, wato yadda itace ke aiki a kan casis mai murɗawa, da inda ake sa noti maimakon ƙusa. Abin da za su ƙara shi ne laushin hannu. Ƙungiyoyin masu irin motocin, kamar National Woodie Club a Amurka da Morris Minor Owners Club a Ingila, su ne inda ake samun zane da ma'auni da shawarar waɗanda suka riga suka yi.

Irin wannan mota za ta jure yanayi irin na Kano ko Damagaram?

Ruɓa za ta ragu, amma wasu matsaloli za su taso. Katakon da ya saba da danshin Ingila, in hunturu ya buso, zai ƙanƙance, mahaɗai su buɗe, sukurori su saki. Damina ta zo ya kumbura, ruwa ya bi ta tsagar da rani ya buɗe. Rana kuma tana cin banish da sauri fiye da yadda take yi a Turai. Sannan ga gara, wadda ash da maple abinci ne a wurinta. Duk katakon da za a yi aiki da shi a bar shi ya zauna a garin ya saba da iskarsa kafin a yanka, a shayar da shi maganin ƙwari, motar kuma ta kwana a kan siminti a ƙarƙashin rufi, ba a kan ƙasa ba. Mai tunanin shigo da ita Najeriya ya fara binciken dokar kwastam kan shekarun mota da kuma hana mai sitiyari a dama, domin yawancin Traveller haka suke.

Bayan an gama, wace kulawa take so?

A wanke ta da soso da ruwa kaɗan, kada a yi mata feshin injin wanki mai ƙarfi, a tsane mahaɗai da tsumma nan take. Kada a lulluɓe ta da leda ko tamfol, domin suna tara gumi a kan itacen. In za a rufe, a sa yadi mai shan iska. A riƙa zura 'yar waya a ramukan fitar ruwa na ƙofofi da tagogi. Sau biyu a shekara a bi noti da sukurori a ɗan ƙara ɗaure waɗanda suka saki, ba da ƙarfi ba. Duk inda banish ya ƙwarzane ko ya tsage a kan mahaɗa, a goge a ɗiga sabo a makon, kada a jira ƙarshen shekara. Da zarar sheƙin ya fara dushewa, ko da bai tsage ba, a bi shi da sanfefa mai laushi a ƙara shafi ɗaya ko biyu. Ga motar da ke fita rana sosai, wannan yakan zama duk shekara.